Sabis Ya Cika, Murya Na Tsinkewa: Sharhi Kan Kiran Intanet da Kallon Bidiyo a Yankin Zugu

Duk mai riƙe da babbar waya a yankin Zugu da kewayensa, wato ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum da ke yammacin Jihar Zamfara, ya san wannan lamari. Sandunan sabis sun cika a goshin waya, amma da an kira ɗan'uwa da ke Legas ko Makka ta WhatsApp sai murya ta riƙa tsinkewa, wannan yana "kana ji na?", wancan ma yana "kana ji na?", har a haƙura a kashe. A buɗe YouTube a wayar nan, a wurin nan, sai ga fim yana tafiya, in ma ya tsaya na ɗan lokaci ne. Kafin dare a duba data a tarar ta yi ƙasa. Daga nan zargi ya tashi. Wasu su ce kamfani ne ke satar data, wasu su ce hukuma ce ta rage ƙarfin sabis saboda matsalar tsaro, wasu su ɗora wa wayar laifi su tafi neman wata. Akwai kuma masu ɗaukar cewa kiran WhatsApp kyauta ne, ba ruwansa da ƙarfen sabis, kuma babu mahaluƙin da zai san an yi shi.

Cikin maganganun nan akwai masu ƙamshin gaskiya, akwai marasa tushe. Asalin ruɗanin shi ne waya ɗaya tana yin ayyuka uku da mai ita yake gani kamar abu guda: kiran layi, kiran intanet, da kallon bidiyo. Dukkansu ta ƙarfe ɗaya suke bi, amma kowanne da ƙa'idarsa, kuma abin da yake nema daga ƙarfen ya bambanta. Wanda ya fi saurin jin jiki idan hanya ta samu matsala shi ne kiran intanet, alhali cin datarsa bai kama ƙafar na bidiyo ba.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Sabis, ko netwok, aro ne daga Turanci, kuma ana nufin alaƙar da ke tsakanin waya da ƙarfen kamfani ta iska. Ƙarfen sabis shi ne dogon turken da ake kafawa a gari, haɗe da na'urorin da ke kansa da janareton da ke gindinsa. Data ita ce adadin bayanan da suka shiga waya ko suka fita ta intanet. Ana auna ta da megabait, wanda ake rubutawa MB, kuma megabait kusan 1,000 ne ke yin gigabait ɗaya, wato GB. Sabar babbar kwamfuta ce ta kamfani irin Meta ko Google, inda ake ajiye bayanai ko ake miƙa su daga wannan zuwa wancan.

Wadda ta fi muhimmanci a nan ita ce furotokol, za mu kira ta ƙa'idar sadarwa. Rubutacciyar yarjejeniya ce da ke faɗa wa na'urori biyu yadda za su yi magana: wa zai fara, yaya za a daddatsa saƙo, me za a yi in wani yanki ya ɓace a hanya. Albarkacinta ne wayar Tecno da ke Gwashi take fahimtar iPhone da ke Jidda. Intanet ba ta ɗaukar saƙo a dunƙule, sai an yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ɗauke da adireshin inda za shi, kuma wannan yanki shi ne ƙunshi. Kodek kuma dabara ce ta matse murya ko hoto ya ƙanƙance kafin a aika, sannan a warware shi idan ya isa.

Kiran intanet, wanda masana ke taƙaita sunansa da VoIP, shi ne duk kiran da murya ke tafiya ƙunshi-ƙunshi ta data, irin na WhatsApp da Messenger da Imo da Telegram. Kwararar bidiyo kuwa ita ce kallon abu yana isowa ana kallo, ba tare da an jira an sauke shi duka a waya ba. In a lokacin abin yake faruwa, kamar tafsirin azumi a Facebook, shi ne kai tsaye, wanda matasa ke cewa laif.

Yadda aka zo nan

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, kuma a watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ya biyo baya a 2008. Wannan fasaha ta 2G don murya da gajeren saƙo aka gina ta. Data daga baya aka liƙa mata, ita ce harafin E da ke fitowa kusa da sandunan sabis. H ko H+ alamar 3G ce, LTE kuma 4G.

Skype, wanda ya fito a 2003, shi ya sabar wa duniya da kira ta intanet, amma bai taɓa yin tasiri a karkarar Arewa ba, kuma Microsoft ya rufe shi a Mayun 2025. Wanda ya shiga kowane lungu shi ne WhatsApp: saƙon murya a 2013, kiran murya a 2015, kiran bidiyo a ƙarshen 2016. Cikin 'yan shekaru ɗan ci-rani a Legas, da mai haƙar zinare a Bagega, da ɗalibi a Sakkwato, duk suka mayar da zumuncinsu can. A gefe guda masu shirya finafinan Hausa suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin Izzar So da Labarina. Buƙatar data ta yi tsalle, ƙarafan karkara kuwa ba su bi ta da wannan saurin ba.

Shata da haya

Kiran layi kamar ɗaukar shatar mota ne daga Gummi zuwa Gusau. Daga ɗagawa har kashewa kamfani ya ware muku gurbi, ba mai shiga, ko kuna magana ko kun yi shiru, shi ya sa ake biya da lokaci. A kiran intanet kuwa kayan aka raba buhu-buhu aka zuba a motocin haya tare da na kowa. Wani buhun ya isa da wuri, wani ya makara a Daki Takwas, wani ya faɗi a hanya, kuma nauyin kaya ake biya.

Idan aka danna kira a manhaja, aiki biyu ne ke gudana. Na farko nemo wanda ake kira, a sa wayarsa ta yi ƙara, wayoyin biyu su daidaita kan kodek da hanyar da za su bi. Sananniyar ƙa'idar wannan aiki ita ce SIP, wadda aka fitar a 1999, ko da yake WhatsApp yana da tasa ta cikin gida. Wannan mataki kaɗan yake buƙata, shi ya sa kira ke iya shiga, a ɗaga, sannan a rasa jin komai. Aiki na biyu shi ne ɗaukar muryar kanta. A tsarin da aka fi sani, waya tana yanka magana duk bayan milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta fitar da ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar RTP, ta shekarar 1996, ita ke buga wa kowane ƙunshi lamba da lokaci domin wayar da ke can ta jera su daidai. Kodek ɗin da ya fi yaɗuwa a wannan aiki shi ne Opus na 2012, wanda ke iya rage nauyin murya da kansa idan ya ga hanya ta ƙuntata.

A ƙarƙashin waɗannan akwai manyan ƙa'idoji biyu na jigila. TCP tana tabbatar da kowane ƙunshi ya isa, in ɗaya ya ɓace sai ta tsayar da na bayansa a sake aiko shi. UDP ba ta jiran kowa, abin da ya isa ya isa. Mutum zai zaci mai tabbatarwa ta fi dacewa da kira, amma akasin haka ne. Gaɓar kalmar da ta iso bayan daƙiƙa biyu ba ta da sauran amfani, zance ya riga ya wuce ta. Don haka kiran intanet ya fi dogara da UDP, ya yarda ya rasa ɗan abu domin kada ya makara.

Abu uku ke ɓata irin wannan kira. Akwai jinkiri: Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta nuna cewa muddin murya na isa cikin milisakan 150, yawancin mutane ba sa lura da komai, amma in ya haura sosai sai a fara cin karo, kowa ya yi magana a kan ɗan'uwansa. Akwai rashin daidaiton isowa, inda ƙunshi goma za su zo a jere, a yi shiru, sannan ashirin su zubo lokaci guda. Waya kan riƙe su na ɗan ƙanƙanin lokaci ta daidaita, amma ba ta da damar riƙewa da yawa. Sai ɓacewar ƙunshi, wadda kodek ke ƙoƙarin cike gurbinta da ƙiyasi, kuma wannan ƙiyasin ne ke sa murya ta koma kamar ta na'ura. A kan E jinkirin kaɗai yakan kai ɗaruruwan milisakan, saboda haka ko sanduna sun cika, kiran intanet a kai wahala ne.

Me ya sa bidiyo ke jurewa

Bidiyo ya fi murya nauyi nesa ba kusa ba, amma yana da gatan da kira ba shi da shi: an riga an ɗauke shi, ana iya tara shi kafin a nuna. Ƙa'idojin da suka mamaye wannan fage su ne HLS, wadda Apple ya fito da ita a 2009, da DASH, wadda ta zama ma'aunin duniya a 2012. Dabararsu ɗaya. Sabar tana yanka fim gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙoƙi, kuma tana ajiye kowace gunduwa a matakan kyau daban-daban, su ne lambobin nan 144 da 240 da 360 da 480 da 720 da 1080. Waya tana auna saurin hanya, ta nemi matakin da za ta iya ɗauka, ta tara na gaba a ajiye. In sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar, mai kallo ba zai sani ba, daga ajiya ake ba shi. In hanya ta ƙuntata sai hoto ya dushe amma ya ci gaba. Zoben nan da ke juyawa a tsakiyar allo yana fitowa ne kawai idan ajiyar ta ƙare ƙaf. Daƙiƙa biyar ɗin da bidiyo ya haɗiye shiru, a kira jimla guda ce ta salwanta.

Kai tsaye yana tsakanin biyun. Mai ɗauka yana tura hoto zuwa sabar, sau da yawa ta ƙa'idar RTMP, sabar kuma ta yanka ta raba wa masu kallo kamar sauran bidiyo. Wannan ke jawo tazarar daƙiƙoƙi, wani lokaci har rabin minti, shi ya sa mai kallon ƙwallo a waya yakan ji ihun gidan kallo kafin ya ga an ci. Nauyin kuma yana kan mai turawa. Wanda ke son watsa wa'azi ko taron siyasa daga Nasarawar Burkullu yana buƙatar hanyar fita mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, kuma ita ce mafi rauni a wayar hannu.

A nan ne za a gane hikimar da jama'a suka gano da kansu ba tare da an koya musu ba. Saƙon murya fayil ne kammalalle. Waya tana riƙe shi har sabis ya samu, ta tura, in ya katse ta sake gwadawa, kuma idan ya isa ya isa cikakke. Ba ya buƙatar mutum biyu su samu sabis a lokaci guda, ba ya buƙatar iya rubutun boko. Yawan amfani da shi a wannan yanki zaɓi ne da ya dace da irin hanyar da ake da ita. Haka ma shagunan masu tura finafinai da karatuttuka a memori, da musayar fayil ta Xender ko Bluetooth: mutum ɗaya ya sauke inda sabis ke da kyau, ɗari su samu ba tare da sun taɓa ƙarfe ba.

Abin da sanduna ba sa nunawa

Sandunan sabis suna nuna ƙarfin siginar da waya ke ji daga ƙarfe, shi ke nan. Ba sa nuna ko ƙarfen yana jin wayar. Ƙarfe yana watsawa da gomman watt daga sama, waya kuwa a kan 4G ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na watt ba, ga bango ga itatuwa. A ƙauyen da ke nesa da turke, wannan kan sa ka ji mutum sarai shi kuma bai jin ka.

Ba sa kuma nuna yawan masu rabon ƙarfen. Abin da turke ke iya ɗauka ƙayyadadde ne, duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa ke raba shi. Ranar kasuwa, ko bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya kama kallo, rabon kowa yakan ragu. Rashin tsaro ya ƙara wa wannan nauyi: mutanen ƙauyuka da dama sun taru a manyan garuruwa irin Anka, kuma turken da aka kafa don mutanen gari yanzu yana ɗauke da su da baƙinsu.

Sai abin da ke bayan turken. Daga ƙarfe, saƙo yana bi ta wayar gilashi da aka binne a ƙasa, wadda ake kira faiba, ko ta farantan da ke kallon juna daga wannan turke zuwa wancan, har ya isa cibiyar kamfani a babban birni. Faiba tana ɗaukar kaya da yawa amma aikin hanya da ɓarayi kan yanke ta. Farantai kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana su, kuma in turke ɗaya a jerin ya mutu, na bayansa sun shiga duhu. Mutuwar turke kuwa ba wuya, tunda akasarinsu da dizal suke aiki, kuma kai mai da injiniya wani wurin a Bukkuyum ko kudancin Anka sai an yi shawara da tsaron hanya. Mutum biyu a cikin garin Gummi da ke kiran juna ta WhatsApp, muryarsu sai ta je cibiyar kamfani, sau da yawa har sabar Meta mai WhatsApp, kafin ta dawo unguwar da ke maƙwabtaka.

Wani lokaci matsalar ma ba a ƙasar take ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, alhali kiran layi na cikin gida yana shiga.

Ina data take tafiya?

Lissafin ba shi da wuya. Kiran murya ta intanet bai kai megabait ɗaya a minti ba, ke nan gigabait ɗaya ya isa hirar da ta haura awa 16. Bidiyo a matakin 360 yana iya cin kusan MB 300 a awa, a matakin 720 kuwa yana kusantar gigabait guda. Wato awa ɗaya ta fim mai kyan hoto tana iya cinye abin da zai ishi mutum kiran gida na makonni. Kiran bidiyo yana tsakani, kuma shi ta fuska biyu yake ci, turawa da karɓa.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: wanda ya koma 4G yakan ga datarsa ta fi saurin ƙarewa fiye da lokacin da yake kan 3G. Dalilin yana cikin ƙa'idar da aka bayyana a sama. Da waya ta ga hanya ta buɗe, sai ta ɗauko mataki mafi kyau ba tare da ta tambayi mai ita ba. TikTok da Facebook kuma suna sauke bidiyon gaba tun ba a kai gare shi ba, wanda aka wuce bai kalla ba ma an biya kuɗinsa. Ga zaurukan WhatsApp da ke sauke duk abin da aka turo, ga manhajoji da ke sabunta kansu cikin dare. Duk waɗannan ana iya rage su a saitin waya: a ƙayyade matakin bidiyo, a kashe saukewa ta kai-da-kai, a kunna rage cin data a kira, a riƙa duba saura da *323#.

Wannan bai wanke kamfanoni tas ba. Mai waya a Zugu yana biyan farashi ɗaya da na Abuja, amma abin da yake samu bai kai ba. Saukewar da ta katse aka sake daga farko an caje ta sau biyu, kuma datar da wa'adinta ya cika a makon da turke ya kwana uku a mace, asara ce da ba shi ya jawo ba. Bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wannan ƙorafi ya ƙara nauyi. Kamfanonin sun kafa hujja da tsadar dizal da faɗuwar darajar naira, hukumar kuma ta ce ƙarin yana tare da sharaɗin inganta aiki. Wanda kamfaninsa bai share masa hawaye ba yana iya kai kuka ga hukumar ta lambar 622.

Darasin Satumbar 2021

Ranar 3 ga Satumba 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe ƙarafansu a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin bai wa sojoji damar farautar 'yan bindiga. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da janye matakin. Katsina da Sakkwato da Kaduna ma sun rufe wasu yankunansu. Mutanen Gusau sun riƙa zuwa Funtuwa don yin waya, kafin ita ma a rufe ta.

Wannan lokaci ya warware a aikace muhawarar ko kiran intanet na iya tafiya ba tare da ƙarfen sabis ba. A wancan lokaci an toshe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma mutane sun kewaye toshewar da manhajar VPN, wadda ke ɓoye inda saƙo ya nufa. A Zamfara VPN ba ta yi amfanin komai ba, domin a batun Twitter ƙofa ɗaya aka rufe, nan kuwa hanyar ce gaba ɗaya aka ɗauke. Kiran layi, kiran WhatsApp, YouTube, na'urar POS, tura kuɗi ta banki, duk tare suka tsaya.

Ra'ayi ya rabu kan amfanin matakin, kuma har yau bai haɗu ba. Masu goyon baya sun ce ya katse alaƙar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, ya kuma hana cinikin kuɗin fansa. Masu suka sun ce ya hana ƙauyuka neman agaji da gargaɗin juna, ya durƙusar da kasuwanci, ya kuma sa abin da ke faruwa a daji ya daina fitowa, har a zaci an samu sauƙi. Munanan hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, makonni kaɗan bayan dawo da sabis, kowane ɓangare na iya jawo su wajensa: wannan ya ce ga abin da buɗewa ta haifar, wancan ya ce ga shaidar rufewa ba ta karya kowa ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne wanda ya ɗauki nauyin kai tsaye, wato talakan da ba shi da wata hanyar sadarwa sai wannan.

Batun sirri

Tun Afrilun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni da kira ta yadda mabuɗin yana wayoyin masu magana biyu kaɗai. Kamfanin layi ba ya jin abin da ake faɗa, Meta ma haka. A wannan fuska ya fi kiran layi, wanda kamfani ke iya buɗe wa jami'an tsaro bisa dokokin sauraron sadarwa da NCC ta fitar a 2019. Amma kulle magana daban, ɓoye mai magana daban. Ƙarfe ya san layin da ke ƙarƙashinsa da lambar jikin wayar da lokacin da aka yi amfani da data, layin kuma an haɗa shi da lambar NIN. Wanda ake magana da shi yana iya naɗa da wata waya. Sannan mafi yawan asusun da ake ƙwacewa ba fasa kulle ake yi ba, mai shi ake yaudara ya karanto lambobi shida da aka turo masa.

Kamfanonin layi da masu manhaja

Kamfanonin layi sun daɗe suna kukan cewa su ke kafa turke su sayi dizal, masu manhaja kuma su kwashe kiran da da can kuɗi ne, musamman na ƙasashen waje. Masu amsa musu suna cewa ai datar da ake kiran da ita a wurinsu ake saye, kuma a 2024 kuɗin da MTN Najeriya ya samu daga data ya zarce na kira. Najeriya ba ta toshe kiran intanet ba. Wasu ƙasashe sun yi: Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana hana kiran WhatsApp sai ta manhajojin da ta ba lasisi, Saudiyya kuma sai a Satumbar 2017 ta sassauta nata takunkumin. Wannan ne ya sa iyalai masu 'yan'uwa a can suka saba da canza manhaja, kuma ba kullum laifin sabis ɗin gida ba ne idan kira ya ƙi shiga.

Akwai kuma kiran da ke zuwa daga waje amma lambar Najeriya ta fito. Wasu ne ke ɗauko kiran ta intanet, su sauke shi a akwati mai ɗauke da layukan gida masu yawa, don kauce wa kuɗin shigowar kiran waje. NCC ta haramta wannan, kuma irin kiran yakan zo da amsa-kuwa da jinkiri.

Abin da ake hange

Bambancin nan na kiran layi da na intanet yana kan hanyar shuɗewa. A kan 4G babu gurbin da ake ware wa murya irin na da, shi ya sa waya kan sauka zuwa H ko E idan kiran layi ya shigo. Maganin da aka yi wa wannan shi ne VoLTE, inda kamfani da kansa ke ɗaukar kiran layi a ƙunshi-ƙunshi, amma ya ba shi fifiko a kan sauran kaya. Ƙasashe da dama sun fara kashe 2G da 3G saboda haka. Duk ranar da aka zo wannan a Najeriya, yankuna irin Zugu, inda ƙaramar waya mai madannai ta fi yawa kuma cajinta ke kwanaki, su za a fi tayar wa hankali idan ba a yi tanadi ba.

5G, wadda MTN ya fara a 2022 bayan gwanjon Disambar 2021, maganar manyan birane ce tukuna. Abin da zai canza kira a Gummi da Anka shi ne faiba ta isa gindin turke, turken ya samu wuta mai ɗorewa ta hasken rana, ma'aikata kuma su iya zuwa gyara. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin intanet mai sauri ta kai kashi 70 cikin 100, wa'adin ya cika ba a kai ba. Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, kuma a 2024 ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Ko layin zai biyo ta Mayanci zuwa Anka da Gummi, da kuma yaushe, shi ne abin da wakilan yankin ya kamata su riƙa tambaya.

Sai tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma jinkirinsa kaɗan ne, ya isa a yi kira. Kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin mutum ɗaya a karkara, amma mai shago zai iya kafawa ya sayar wa unguwa ta Wi-Fi. Wannan hanya ba ta bi ta turken MTN ko Airtel ko Glo, don haka umarni irin na Satumbar 2021 ba zai taɓa ta ba sai an bi ta kan kamfanin da kansa, kuma wanda ke da kuɗin sayen na'urar, ɗan kasuwa ne ko ɗan bindiga, zai ci gaba da magana a ranar da aka kashe wa kowa.